Ƙyauren da Ya Dawo da Gangar Ɗantani

Sa'idu kafinta ne a Anka. In ka zaga gidajen unguwarmu, da wuya ka tura ƙyauren da ba shi ya haɗa ba. Mutum ne da dariya ke riga maganarsa fitowa. Tun yana saurayi yake kwance rediyo don ya ga inda muryar take zaune, kuma duk sanda ya mayar sai ƙusa biyu sun ragu a hannunsa.

Mahaifinsa, marigayi Ɗantani, makaɗin noma ne. In ya kafa babbar gangarsa a wajen gayya, raggo ma yakan riga wasu kaiwa ƙarshen gona. Kullum da safe matarsa Habsu ce ke fitar da gangar rana, don fatar ta ɗame kafin a tafi. Abin da ya rage na kiɗansa kaset ɗaya ne, wanda wani malamin makaranta ya ɗauka a wata gona kusa da Duza. Sa'idu ya sa aka juye masa shi a waya.

Inna Habsu tana nan da ranta, amma kunne ya yi nauyi, kuma kowace shekara ƙara tafiya yake. Siririyar murya ba ta isa gare ta. Sai dai Sa'idu ya lura in babbar mota ta wuce takan ɗaga kai. Nan ya ƙudura cewa kafin kunnen ya rufe gaba ɗaya, za ta sake jin gangar mijinta.

Akwai wata wahala. Sa'idu ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta ba shi amsa kai tsaye. In tana da magana, ta bakin matarsa Turai take aikowa, ko da yana tsaye a wurin. Tambayarta “kin ji?” ɓata yawu ne.

Ya fara da sifika mai akwati, irin ta masu biki, ya saurara, ya girgiza kai. “Wanga kamar an jefa ganga cikin tulu,” in ji shi. “Gangar Baba fata biyu gare ta, gaba da baya duk iska take sha.” Sai ya ɗauko wani ƙyaure mai kauri da ya yi wa wani bai zo ɗauka ba, ya yanka masa ramuka biyu, ya ɗaure manyan sifiku masu faɗin faifai, ya yi masa ƙafafu, ya bar bayan a buɗe. Saura amfilifaya, wato na'urar da za ta ba sifikun ƙarfi. A nan aka sha kallo.

Ta farko daga Gummi ta zo. Muntari, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, mai ba da hayar kayan sauti, shi ya ɗauro ta a bayan babur tare da janareta. Sai da mutum biyu suka sauke ta.

“Kai, Sa'idu,” in ji Muntari da ya ga ƙyauren, “shekara talatin kana kafinta ba ka iya akwati ba? Ina ɗakin wagga ƙofa?”

“Jona abinka, bawana, ka bar surutu.”

Aka jingina ƙyauren da bangon ɗakin Inna, aka tayar da janareta. Inna na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Muntari ya murɗa har ƙarshe, don shi bai san wata hanya ba. Kwanon rufi ya ɗauki rawa, kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya. Sifikun suka riƙa fitowa suna komawa kamar za su tsallako, domin sifikar da ba akwati ba ta da iskar da za ta riƙe ta daga baya. Sa'idu ya yi tsalle ya rage, yana dariya har da riƙe ciki.

Inna ta ɗaga kai ta dubi sama. “Turai, kwashe shanyar gero. Hadari ya taso.”

Rana tsaka, sama fes. Turai ta kwashe geron, don ba a musu da Inna.

Ta biyu daga Bukkuyum ya samo ta, wajen wani mai gyaran sola. Ba ta fi sabulun wanka girma ba, ba ta zafi, batirin sola ya ishe ta. Muntari, wanda ya ƙi komawa gida sai ya ga ƙarshen abin, ya ɗaga ta da yatsa biyu ya ce, “Wannan laya ce ko amfilifaya?” Sautinta tsaf, ba gurnani, ba hayaƙin inji. Kirarin da Ɗantani ke yi wa manoma ya fito sarai, har ni da nake zaune a zaure sai da na sunkuyar da kai. Amma ƙasan gangar, wannan nauyin da ke shiga ƙirji, babu shi. Sa'idu ya bayyana mana dalili yana zagaya ƙyauren: iskar da sifika ta tura gaba takan zagayo gefe ta haɗu da ta baya, su kashe juna, sai an sami na'urar da za ta ƙara wa ƙasan ƙarfi. Ƙaramar kuwa maɓalli ɗaya gare ta.

Inna ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Ta uku a tashar motar Anka take, an ciro ta daga wata tsohuwar mota da aka kwance. Fentinta ya kwaile, gefenta ya lotsa. Ƙarfinta bai kai rabin na ta Gummi ba, tsaftar sautinta ba ta kai ta Bukkuyum ba. Abin da take da shi maɓallai biyu ne ƙanana: ɗaya yana tace siririn sauti ya bar mai kauri, ɗaya yana ƙara wa mai kaurin nauyi. Sa'idu ya jona ta da batirin sola da safe, ya kunna. Da sauƙi, amma har yanzu gangar kamar an toshe mata baki.

Turai ce ta zo da tsintsiya. “Malam, ku janye min wanga ƙyaure in share bayanshi.” Suka jawo shi kamar taku biyu daga bango, kiɗan bai tsaya ba. Nan take gangar ta buɗe. Dama jingina shi suke yi, don ba a kafa wa tsohuwa kaya a tsakar ɗaki, ashe bayansa ma wuri yake so. Sa'idu ya dubi Muntari, Muntari ya dubi Sa'idu. Sa'idu ya murɗa maɓalli na biyu har ƙarshe. Ruwan da ke cikin ƙwaryar Inna ya fara ɓari.

Hannun Inna ya tsaya a kan gyaɗa. Ta karkata kai. Ta daɗe a haka.

“Turai.”

“Na'am, Inna.”

“Ki ce ma mai katakon nan gangar ga ta sha raɓa. Ta saki. A kai ta rana.”

Ban taɓa ganin babban mutum ya yi abin da Sa'idu ya yi ba. Ya fita tsakar gida ya zagaya turmi sau biyu, ya cire hula ya mayar, ya rungume Muntari, yana dariya yana share ido da hannun riga.

“Ta ce ganga! Muntari, ka jiya? Ba ta ce hadari ba!”

“Na jiya. Sake ni, ka karya min haƙarƙari. Kama can mu fitar da ƙofarka ta sha rana.”

Suka ciccibi ƙyauren, su biyu masu furfura a gemu, suka kafa shi a rana. Yayin da ƙyauren ke shan ranarsa, Sa'idu ya tsuguna ya rage maɓallin nan kaɗan, don Inna ta yi gaskiya, ya cika shi har sautin ya yi sako-sako. Bayan ɗan lokaci suka mayar, taku biyu daga bango, aka kunna.

Inna ta gyara zama. Ta ɗauki gyaɗarta ta ci gaba da ɓara. Amma babban yatsan ƙafarta na dama ya riƙa sauka a kan tabarma, daidai inda sandar Ɗantani ke sauka, bai kuskure ko ɗaya ba.

Muntari ya ɗaure tasa a babur ya koma Gummi, yana cewa wai da an ba ta kwana biyu da ta saba. Ƙaramar ta Bukkuyum tana shagon Sa'idu, da ita yake jin labarai. Ta tashar mota ce ta zauna a ɗakin Inna, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura.

Sa'idu yana nan yana haɗa ƙyamare. Sai dai yanzu ba ya buɗe shago da wuri kamar da. In ka wuce ƙofar gidansu da hantsi, za ka hangi wani ƙyaure mai ramuka biyu a tsaye a tsakar gida yana shan rana, da wata tsohuwa a inuwa tana jiran ya ɗame.