Matafiyi Na Bakwai

Ina da shekara goma sha biyu aka ɗora mini rakiyar kakata daga Paris zuwa Lyon. Ba don wayona aka zaɓe ni ba. Hutun makaranta ne na lokacin sanyi, ina gidan gwaggona a Clichy-sous-Bois, kuma ni kaɗai ce mai jin Hausa da Faransanci wadda ba ta da wurin aikin zuwa da safe. Kaka ta sauka daga Damagaram kwana biyu kafin nan. Ta zo ne saboda kawuna, yayan mamata, wanda ya daɗe yana aiki a wata masana'anta a Saint-Fons kusa da Lyon, yanzu kuma yana kwance a asibiti, numfashi na yi masa wuya. Abu ɗaya ya kawo ta, ta iske shi da rai.

Kawu ɗan fari ne, don haka Kaka ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "mutumin Lyon". In an haɗa su a waya, sai ta gaishe shi kamar baƙo ta miƙa wa wani. Ni da aka haifa a Rillieux, a gefen Lyon, na ɗauka ba ta son shi ne, sai da Mama ta ce mini kunya ce, haka uwa take yi da na farko.

Ba a samu wuri a jirgin ƙasa ba saboda hutu, sai mijin gwaggo ya sa mu a kar, babbar motar fasinja. Ya zura mini wata ƙaramar salula a aljihun rigar sanyi, ya ce babana zai kira. Kaka ta sa takalman gwaggo da suka yi mata yawa, da kwat ɗin maza a kan zanenta. A cinyarta akwai ƙunshin kilishi cikin takarda, an ɗaure da zare. Direba ya ce a sa shi cikin kaya a ƙasa, ta ƙi. Da ƙamshin ya dame ni na roƙi ɗan kaɗan, ta buge mini hannu.

"Ba naki ba ne, ƙawata. Na mai jinya ne. Ke da haƙoranki kamar na ɓera, in kin fara ai sai takarda."

Mun yi kamar awa uku muna tafiya, dusar ƙanƙara ta tsananta. Manyan motoci suka kasa hawa wani tudu a gabanmu, jandarmomi suka karkatar da mu wani fili a gefen hanya, inda babu komai sai bayi da tebura biyu na siminti. Direba ya ce mu yi haƙuri, bai san yaushe za a buɗe ba.

Ban taɓa ganin rana irin wannan ba. Sama fari, ƙasa fari, ba a gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Mutanen da suka fita shan taba ba su da inuwa. Ƙarar hanya ta ɗauke gaba ɗaya, har ina jin ƙwayoyin tasbahar Kaka suna taɓa juna.

Don a rage zaman, direba ya sa mana fim a ƙananan talabijin da ke rataye a rufin motar. Ɗaya na daidai gabanmu. Wasu suka yi dariya da aka fara, domin labarin matafiya ne da jirgi ya tafi ya bari a wata ƙaramar tashar ƙauye. Su shida ne: wani ɗan kasuwa mai faɗa, ƴan'uwa mata biyu da ba sa magana da juna, tsoho da karensa, sai saurayi da budurwa da ba su san juna ba. Mai tsaron tashar wata mata ce cikin fararen kaya, tana ƙona turare, tana raba musu duwatsu masu launi. Ta ce musu babu wanda jirgi ke bari a banza, duniya ce ta tara su don kowa ya warke.

A bayanmu akwai wata Baturiya mai awarwaro da yawa da shuɗin gyale. Ta san fim ɗin sosai. Tana dariya kafin abin dariya ya zo, tana faɗin magana tare da masu wasan.

Kaka ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Fassara mini. Waccan bokanya ce?"

"A'a Kaka, mai tsaron tasha ce."

"Mai tsaron tasha da turare da tsakuwa? Bokanya ce. Me ta ce?"

"Ta ce duk abin da ya samu mutum, da ma an tsara shi."

"To wannan ai ko akuya ta sani. Sai da suka yi sinima suka gane ƙaddara?"

Na ci gaba da fassara a hankali don kada a ji ni. Ina jin kunyar yin Hausa a cikin mutane a lokacin. Ƴan'uwan nan biyu suka fara shiryawa, ɗan kasuwa ya cire lakataye ya zauna a ƙasa. Hasken fim ɗin rawaya ne, mai ɗumi, ya sa farin da ke waje ya ƙara zama kamar ba na duniya ba.

Can sai na lura tasbahar ta tsaya.

"Ƙawata, wancan fa? Me ya sa ba mai kula shi?"

"Wa?"

"Na bakwai ɗin. Ga shi tsaye a bakin ƙofa. Kowa da jakarsa, shi hannu rabbana."

Na duba. Ƙofar tashar a buɗe take, rana na shigowa, babu kowa. Na ƙirga su da ido, shida. Na ce ko hoton wani fasinja ne ya faɗa a gilashin, na waiwaya. Kowa na zaune.

"Ba kowa, Kaka."

Ta ɗan miƙa wuya kamar mai leƙen wani daga nesa. Sai ta kira sunan Kawu. Sau ɗaya, a hankali, irin kiran da ake yi wa yaro ya zo ya ci abinci. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, har ya yi mini kamar sunan wani daban. Na ɗaga kai don in kauce wa fuskarta, idona ya sauka a kan agogon jan lambobi da ke saman direba. Ɗaya saura minti goma.

Ba a yi rabin awa ba salula ta yi rawa a aljihuna. Babana ne. Shi mutum ne da ya hana Faransanci a gida, in ka tambaye shi ruwa da Faransanci sai ya ce bai ji ba. Ranar da Faransanci ya fara, kuma bai tambayi hanya ba.

Ya ce in saurara da kyau. Kawu ya rasu ɗazu, kafin ƙarfe ɗaya.

Kalmar ta kuɓuce mini, na maimaita "ya rasu" ɗin da Faransanci yadda ya faɗa.

"Yi shiru," in ji shi. "Tana kusa da ke? Ba a faɗa wa matafiyi mutuwa a hanya, balle tsohuwa mai hawan jini. Sai ta iso gida, ta zauna cikin mutane, ta sha ruwa. Ki ce jiki da sauƙi. Kada ki yi kuka. Kin ji ni?"

"Oui, Papa," na amsa da Faransanci.

Na mayar da salula. Kaka na kallon talabijin.

"Me ya ce?"

"Ya ce jiki da sauƙi."

"To, madalla. Ci gaba, me tsohon yake gaya wa karensa?"

Na ci gaba. Tsohon yana cewa bai taɓa farin ciki irin na yau ba. Na faɗa da Hausa. Saurayi ya ce wa budurwa tun kafin a haife su aka rubuta za su haɗu a nan. Na faɗa. Na gano in na danna farcen babban yatsa a tafin hannuna, muryata ba ta rawa.

Abin da na manta shi ne Baturiyar da ke bayanmu ta ji kalmar da na maimaita. Na ji awarwaronta kafin in gan ta. Ta zagayo ta durƙusa a tsakanin kujeru, idanunta sun cika da hawaye.

"Ki faɗa mata, ƴar ƙarama," ta ce mini. "Ba a riƙe irin wannan a ciki, ciwo yake zama. Wane ne? Ɗanta?"

Na girgiza kai, ina nufin ta bari. Ita kuwa ta kama hannuwan Kaka biyu.

"Madam, ya tafi cikin haske. Ba a banza aka tsayar da mu a nan ba. Ki sake shi ya wuce." Ta juyo gare ni. "Fassara mata."

A makaranta ko malama ta tambaye ni abin da na sani, sai kunnuwana su yi zafi in kasa magana. Ban taɓa musa wa babba ba. Yanzu ga manya biyu suna jiran bakina.

"Me take cewa?" in ji Kaka.

"Ta ce hannunki ya yi sanyi. Tana tambaya ko kina son safar hannu."

"Da kuka ake tambayar safar hannu a garinku?"

"Fim ɗin ne ya sa ta kuka."

Kaka ta daɗe tana kallona. Idanunta suna da wani farin zobe a gefen baƙin, ranar na fara lura da shi.

"Ki ce mata na gode. Ki ce ta tashi, gwiwa ba ta son sanyi."

Na ce wa matar kakata ta gane, ta gode, tana son a bar ta ita kaɗai. Matar ta share ido, ta ciro wani ɗan dutse mai ruwan hoda daga jakarta ta sa a tafin Kaka. Kaka ta juya shi, ta murza.

"Wannan ko kaushi ba zai goge ba," ta ce. Amma ta ƙulle shi a bakin mayafinta.

Fim ya ƙare da rawa. Jirgi ya zo, matafiyan suka hau suna ɗaga wa mai fararen kaya hannu. Wasu a motarmu har da tafi.

"Sun tafi duka," na ce, don in ce wani abu.

"Shi ai ya riga su," in ji Kaka.

Daga nan ta kwance zaren kilishin. Ta yayyaga shi ƙanana a kan takardar, ta miƙo mini.

"Tashi ki bi su kujera kujera. Mutane na jin yunwa. Ki fara da mai tsakuwa."

"Kaka, ba na Kawu ba ne?"

"Na ce ki raba."

Na bi motar da takarda a hannu, daga baya har wurin direba. Wani ya ce yaji ya yi yawa, wani ya nemi ƙari. Na dawo da yanki ɗaya, ta ce in ci. Na sa a baki, na riƙe shi a kumatu har ya yi laushi.

Wajen la'asar aka buɗe hanya. Kaka ta yi sallolinta a zaune. Ba ta tambayi ko an sake kira ba. Na jingina da taga ina ƙirga sandunan gefen hanya, ina jin tsoron in na yi barci bakina zai faɗa.

Mun shiga Lyon ana kunna fitilun titi. Baba na jiranmu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya hanya, ya sanyi, ya mutanen Damagaram, ya su wane da wane. Ta amsa duka, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tambayi mai jiki ba. Ya ce mu fara biyawa gida ta huta kafin asibiti, ta ce to. A cikin mota na ga ta kai hannu ƙarƙashin mayafi ta cire ƴan kunnenta, ta sa mini su a hannu, ta rufe yatsuna a kai.

A benenmu na Rillieux, tun daga bakin asansar, na'urar hawa bene, takalma suka fara. Na maza, na mata, wasu da sauran ƙanƙara tana narkewa a jikinsu. Baba ya wuce gaba don ya buɗe ƙofa. Kaka ta tsaya ta dafa kafaɗata.

"Sauke kayan nan haka, ƙawata. Kin kawo shi har gida."

Ta shiga, aka zaunar da ita a falo, aka ba ta ruwa. Wani dattijo abokin Kawu ya matso ya fara. Jiki ya yi tsanani da safe. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Duk mai rai mamaci ne, Hajiya, sai haƙuri. Ta bar shi ya kai ƙarshe, ba ta katse shi ba, kamar yanzu take ji. Ta yi salati, ta yi wa Kawu addu'a, ta ce Allah ya ji ƙan wancan. Mama ta kifa kai a cinyarta.

Sai ta ɗago ta nemi Baba da ido.

"Ku ba yarinyar nan abinci. Kuma gobe in za ku ɗora kaya, ku duba wuyan da za ku ɗora wa."

Baba ya sunkuyar da kai. A nan ne kukan ya zo mini, a tsaye, da rigar sanyi a jikina da ƴan kunne a hannu.

Bayan sadakar arba'in Kaka ta koma Damagaram. Ta karɓi ƴan kunnenta, ta bar mini dutsen, ta ce in yi wasa da shi. Ban tambaye ta abin da ta gani ba, kuma ban sake jin sunan a bakinta ba har ta rasu.

Ina jami'a a Paris, wata Lahadi da rana, na ci karo da fim ɗin a talabijin. Na zauna na kalle shi har ƙarshe. Na ƙirga matafiyan sau uku, shida ne. Sai dai ba zan rantse a kan ƙofar ba, domin duk lokacin da aka nuno ta, sai in samu kaina ina duban ƙasa.