Baba Kauri da Jan Mai

Shekara talatin da huɗu Baba Kauri ya yi yana jan babbar mota, kuma duk ilimin da ya tara a waɗannan shekaru bai wuce jimla ɗaya ba: mai idan ba shi da kauri, ba mai ba ne. Daga nan sunan ya samo asali. Ba ya duba lambar da ke jikin galan, ba ya tambayar mai shago. Zai tsoma yatsa, ya murza da babban ɗan yatsansa, ya buɗe su a hankali. In man ya yi zare, ya saya. In ya ɗiga ƙasa kamar ruwa, sai ya goge hannu a jikin riga ya ce wa mai shagon ya ji tsoron Allah.

A gaskiya dabarar ta yi masa aiki a zamaninsa. Motar da ya tuƙa irin ta dā ce, ƙarfe zalla, wadda ko kunun kanwa ka zuba mata za ta kai ka inda za ka. Giyarta da aksul ɗinta, wato tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya, duk mai ɗaya suke sha, lamba ɗari da arba'in, baƙi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Har yau Baba Kauri in ya ji wannan wari lumshe ido yake yi kamar an fesa masa turare.

Da gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, aka sallame shi. Ya dawo gida ya tarar gidan ya daɗe da koyon tafiya ba shi. Matarsa ke yanke abin da za a dafa da wanda za a gaisar. Manyan 'ya'yansa kan kira shi a waya, su tambayi gwiwa, su ce a ba Mama. Abu ɗaya ya rage da ake cewa "a tambayi Baba", shi ne mota. Mutum ɗaya kuma ta rage da ke tambayar da zuciya ɗaya, autarsa, wadda ke aikin jinya a asibiti. Tun tana ƙarama take zama a gaban motarsa tana ɗauka babu wanda ya fi ubanta sanin ƙarfe a duniya. Shi ma, ba ƙarya, haka ya ɗauka.

Ranar da autar ta sayi motarta ta farko, ƙofar gidansu ta fara kawo ta. 'Yar ƙaramar mota ce fara, otomatik, mai canja giya da kanta. Baba Kauri ya zagaya ta sau uku yana ƙwanƙwasa jikinta, ya leƙa ƙasan sitiyari ya ga babu kuloci, ya girgiza kai.

"Motar ragwaye," in ji shi. "Amma ba komai. Tunda ina raye ba za ta ba ki kunya ba."

Daga ranar ya samu aikin yi. Duk Asabar autar za ta zo, ya fito da tsumma da tsohon akwatin sifanarsa, ya buɗe bonet, ya tsaya a kai yana "hmm" har maƙwabta su gani. Yakan duba ruwa, ya daki taya da ƙafa, ya rufe. Motar lafiyarta ƙalau, saboda bai taɓa komai ba tukuna.

Wata Asabar autar ta zo da robar mai a leda da wani ɗan littafi. Ta ce mijinta, wanda malamin makaranta ne, ya karanta a littafin motar cewa lokacin canja man giya ya yi, ga ma irin wanda aka rubuta ya sayo. Ita za ta raka Mama dubiya, in sun dawo sai ta kai wa bakanike.

"Bakanike?" in ji Baba Kauri. "Ina zaune?"

"Baba, mijin nawa ya ce irin wannan motar..."

"Mijinki ya taɓa sauke giyabos a tsakiyar daji, ruwa na dukansa? Ajiye makullin ki tafi."

Ta ajiye. Da suka fita ya buɗe robar ya tsoma yatsa. Man ja ne, tsararo, ko alamar zare bai yi ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya tabbata an cuci surukinsa, an sayar masa da ruwan shayi a roba. Littafin kuwa ko buɗe shi bai yi ba, ya ɗora shi a kan dakali ya danne da dutse kada iska ta ɗauka.

Ya ɗingisa har shagon kayan mota ya sayo galan na lamba ɗari da arba'in. Mai shagon ya tambaya wace mota za a zuba wa, ya amsa masa da cewa lokacin da ya fara zuba mai uban mai shagon bai yi wayo ba. Ya dawo ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin motar da ƙyar, ya fara neman aksul a baya don ya soma da shi. Ya lalube nan, ya lalube can, babu. Motar da ƙafafun gaba take ja, amma shi abin da ya fahimta shi ne masu ƙera ta sun yi ha'inci sun rage kaya. Ya matsa gaba ya kwance notin giya, jan man da ke ciki ya tsiyaye a tsohon kwano. Sannan ya kafa mazurari ya ɗura baƙin nasa. Man ya ƙi sauka da sauri, yana tafiya kamar zuma a sanyi, shi kuwa yana murmushi yana cewa yanzu motar ta samu abinci.

Washegari autar ta kama hanyar aiki. Motar ta riƙa gurnani, ta ƙi barin giyar farko, ta yi fizga biyu, ta tsaya cak a tsakiyar mahaɗar titi, masu hon suna zuba mata albarka ta kowane gefe. Sai janta aka yi zuwa gareji. Da Baba Kauri ya ji labari ya saka hularsa ya bi su, don ya ga abin da waɗannan yaran za su ɓata.

Bakaniken ya zaro ƙarfen awon mai, ya kai hanci, ya ja da baya.

"Hajiya, wane maƙiyin naki ne ya zuba miki man tirela a otomatik? Wallahi wanda ya yi wannan ko keke bai kamata a ba shi ya yi wa iska ba. Jaki ne na ƙarshe."

Autar ta dubi ƙasa. Mijinta, wanda shi ma ya zo garejin, ya buɗe baki, ta taka masa ƙafa.

"Wani ne a bakin hanya," in ji ta. "Ban san shi ba."

Ta faɗi haka ne don ta rufa wa ubanta asiri, kuma da ya yi shiru da ya tsira da sauran mutuncinsa. Amma Baba Kauri ya gyara tsayuwa, ya dubi bakaniken, ya dubi surukinsa, ya juyo gare ta.

"Kin gani ko? Shi ya sa kullum nake ce miki kada ki bar kowa ya taɓa motar nan sai ni."

Kallonsa kawai ta yi, irin kallon da take yi wa majinyacin da ya rantse ya sha maganinsa alhali ga ƙwayar a ƙarƙashin matashi.

Sati uku motar ta yi a gareji. Bayan ta fito autar ba ta fasa zuwa ranar Asabar ba, sai dai a ƙafa take shigowa layin. In ya tambayi mota ta ce tana wurin wanki, ko mijinta ya fita da ita. Yakan gyaɗa kai, ya mayar da akwatin sifana ƙarƙashin gado.

Wata Asabar, tana ɗaki suna hira da uwarta, ya fita sayen batirin rediyo. Da ya sha kwanar layi ya ga motar, fara tas, a fake bayan shagon tela. Ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya ji shi da zafi. Telan ya ɗago kai daga keken ɗinkinsa.

"Ai nan take ajiyewa duk sati, Baba. Wata biyu ke nan. Ta ce in sa mata ido, kuma kada in..." Sai ya haɗiye sauran, ya koma kan ɗinkinsa.

Baba Kauri ya daɗe a tsaye. Abin ya yi masa ciwo fiye da zagin bakaniken. Ya janye hannunsa, ya sayi batirinsa, ya koma gida ta ɗaya layin, mai nisa, don kada ta gan shi yana fitowa daga wannan kwana ta gane ya sani.