Mai Yi wa 'Yan Tsana Ido

Duk wanda ya taɓa sayen maɓalli ko zare a lungunmu na Fagge ya san Iya Ramota. Teburinta yana ƙofar gidansu, daura da shagona na ɗinki, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan muna gaisawa kullum safiya. Na san ba ta son a taya mata kaya, na san gwiwarta ta hagu tana sanar da ita ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Amma ni da nake taƙamar babu abin da ke wuce ni a unguwa, sai bana na san sana'ar da ta fara yi a duniya.

A Fagge aka haife ta. Kakanta ne ya zo daga Ogbomosho da fatauci, ya ga wuri ya zauna. Hausarta ta fi tawa in ta so, Yarabancin kuwa ta ajiye shi don faɗa da rarrashin jikoki. Tana da shekara goma sha tara aka ɗauke ta aiki a wani kamfanin roba a Bompai, inda ake yin kayan wasan yara: motoci, usur, ƙwallo da 'yan tsana. Inji ne ke zubo 'yan tsanan, fuska babu ido babu baki, sai a jera su a kan dogon tebur, mata su bi su da fenti. Wata ta yi gira, wata ta yi baki. Ramota ita ce mai ido.

Shekara goma sha uku tana wannan aiki, har kayan wasa na ƙasashen waje suka cika kasuwa, kamfanin ya rufe. Ranar da aka sallame su ta fito da 'yar tsana guda a cikin mayafinta, ita ce ta ƙarshe da ta yi wa ido. Ta so ta ba 'yarta in ta samu mace, sai Allah ya ba ta maza huɗu reras, kowanne mota yake so. Haka 'yar tsanar ta yi ta kwana a ƙasan akwati, har ɗanta Waliu ya yi aure ya haifi Azeezat.

Azeezat ta raɗa mata suna Sisi. Da ita take cin abinci, da ita take zuwa shagona roƙon ƙyalle, kullum tana goye a bayanta da ɗankwalin kakarta. Ni kaina na ɗinka wa Sisi riga ta fi biyar, ban da ta sallah. In Iya ta hango su sun wuce, sai ta yi kamar tana gyaran zare, amma ina ganin bakinta ya ƙi rufuwa.

Wata Asabar da rana Waliu ya dawo daga Kantin Kwari ya zauna a benci yana buga gem a waya. Magidanci da gemunsa, wai gem! Azeezat, 'yar shekara shida, ta leƙo ta kafaɗarsa. Sai muka ji ihu. Ta kwance goyon, ta yi jifa da Sisi ƙarƙashin tebur, ta ruga cikin gida. Iya ta ɗauke 'yar tsanar, ta kakkaɓe ta, ta kai ɗakinta. Daga ranar yarinyar ta daina shiga ɗakin kakarta, ko da kuwa alawa aka nuna mata daga ciki.

Abin ya ci wa Iya rai ƙwarai. Kwana takwas tana jiran yarinya ta manta, yarinya ba ta manta ba. A rana ta tara ta tare Waliu a ƙofar gida.

"Kawo wayar nan in ga abin da ya raba ni da jikata."

"Iya, abin tsoro ne fa."

"Na haife ka ma ban ji tsoro ba. Kunna."

Na ajiye almakashi na matso, don ni ba a barina a baya. Waliu ya yi mana bayani. Sunan gem ɗin Siton Baya, kashi-kashi yake fitowa, na ɗaya ne kawai ya fito, kuma wata yarinya ce a Sabon Gari ta haɗa shi ita kaɗai. Mutum zai shiga wani tsohon kamfanin kayan wasa da aka daɗe da rufewa, da tocila a hannu, yana neman makullan fita. Akwai wata 'yar tsana a ciki. In kana kallonta ba ta motsi, amma da ka juya baya ka waiwayo, sai ka tarar ta matso.

Iya ta sa tabarau. Ni tun a ƙofar farko na fara karanto addu'a, ita kuwa sai cewa take, "Tsaya. Koma baya. Haska bangon can." Can ta ce, "Wannan ai famfon da muke alwala ne. Bi ta hagu, akwai dogon tebur." Waliu ya bi ta hagu, sai ga dogon tebur. Ya ɗago ya dubi uwarsa kamar yau ya fara ganinta.

Sai 'yar tsanar ta bayyana a ƙarshen teburin. Kai da jiki irin na Sisi sak, amma idon, wayyo, ni dai na kauce. Duk inda ka tsaya kai yake kallo. Iya ta sa aka matso mata da fuskar har ta cika wayar. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta cire tabarau.

"Wannan idon ni na yi shi," in ji ta. Ta juyo gare ni. "Rufe shago, ki raka ni Sabon Gari."

Allah na tuba, faɗa na je kallo. A cikin adaidaita sahu har na tsara wanda zan fara ba labari in mun dawo.

Sunan yarinyar Chinenye. Da tambaya muka same ta a wani ɗan ɗaki a saman shagon mahaifinta na kayan lantarki, da kwamfuta biyu, da fanka mai ƙara, da wani tsohon buhu a kusurwa. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Da ta ga dattijuwa ta hawo bene tana haki, da wata a bayanta tana raba ido, sai ta miƙe ta ba Iya kujerarta.

"Mama, lafiya? Ko wani abu na yi?"

"Za mu zo kan wannan," in ji Iya. "Fara gaya mini, yaya aka yi kamfaninmu ya shiga waya?"

Chinenye ta ce abokin mahaifinta ne ke ajiye kaya a wani sashe na tsohon ginin. Ta bi shi wata rana, mai gadi ya bar ta ta zaga, ta ɗauki hoton kowane bango da kowace ƙofa. A sito na can baya ta tarar da buhun nan cike da 'yan tsana, aka ce ta ɗauka, shara ce. Ta ɗora guda a kan faranti tana juya ta tana ɗaukar hoto ta kowane gefe, kwamfuta ta haɗa hotunan suka zama jiki.

Faɗan da na zo kallo bai zo ba. Iya ta jawo kujera har gaban kwamfuta, ta shiga jero tambayoyi kamar mai sayen fili. Wa ke riƙe da tocilar? Ƙarar takun nan daga ina? Da aka ce mata takalmin Chinenye ne a kan matattakalar da muka hawo, sai da ta sa aka sake kunna mata sau uku. Sannan ta tambayi abin da ya fi damunta.

"Ita wannan, yaya take sanin na juya baya?"

Chinenye ta nuna mata wasu layukan rubutu. "Ga shi nan, Mama. Na rubuta mata: in ana kallonki, tsaya. In ba a kallonki, yi taku uku."

Iya ta yi dariya har da tafa hannu. "Ashe ba wayo gare ta ba, umarni take bi! Mu kuwa a kamfani sai an kalle mu muke motsi."

Daga nan Chinenye ta saki jiki. Ta ce ita ma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mata kai. Ta zana idanu da hannunta sun fi talatin, jajaye da masu jini da masu ƙyalli, babu wanda ya tsorata kowa. Amma idon 'yan tsanan buhun nan, baƙi da fari kawai, shi ke sa manyan maza su jefar da waya. Me ke cikinsa?

Iya ta sa hannu a buhu ta ɗauko guda, ta goge mata fuska da bakin mayafi.

"Kuskure ne ke cikinsa, 'yata. Ido, baƙi ake fara sawa. In ya bushe sai a tsoma tsinken tsintsiya a farin fenti a ɗiga masa ɗigo ɗaya. Ɗigon nan a sama ake sa shi, ta gefe, kuma gefe ɗaya a duka idanun biyu. Sai ki ga kamar tana kallon hasken taga, hankalinta kwance. Ni kuwa satina na farko, ga rawar kai, ga son a yaba mini, na ce ai tsakiya ita ce daidai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ɗiga musu a tsakiya cif. In ɗigo yana tsakiya, ba taga take kallo ba, ke take kallo."

Ta ce shugabarsu, wata Madam Peace, ta zo duba aiki, ta tarar da tebur guda ya zuba mata ido. Sai da ta ja da baya ta yi addu'a da yarensu. Ta sa aka kwashe su a buhu aka kai siton baya. Ba ta kori Ramota ba, amma ta zaunar da ita kwana uku tana ɗiga fari a jikin kwali har hannunta ya gane.

Chinenye ta jawo littafi tana rubutawa da sauri. Da ta ji labarin Azeezat kuwa, sai ta ajiye biro.

"Mama, ki yi haƙuri. In kin ce in cire ta daga gem ɗin, zan cire."

"Kul! Shekara arba'in kuskurena yana kwance a buhu, ke kika samo masa aiki. Bar shi ya ci abincinsa. Guda ɗaya kawai za ki ba ni."

A hanyar dawowa muka tsaya a Bata ta sayi ƙananan gwangwanayen fenti biyu, baƙi da fari. Bayan la'asar ta ture maɓallai gefe, ta zaunar da 'yar tsanar buhu a kan tebur, ta aika a kira Azeezat. Yarinyar na fitowa ta yi arba da idon nan, sai ta faɗa shagona ta ɓuya a bayan keken ɗinki, ta riƙe mini zani gam.

Iya ba ta kira ta ba. Da 'yar tsanar take magana, amma da ƙarfi. "Ke ce ta cikin waya, ko? Ba laifinki ba ne, ni na ɓata miki ido tun ina yarinya. Yau zan gyara." Ta shafe farin ɗigon idanun da baƙi, ta yi ta fifita har ya bushe. Na ji hannun da ke riƙe da zanina ya ɗan sassauta.

Sai ta karyo tsinke a jikin tsintsiya, ta tsoma a fari, ta kai hannu. Hannun ya yi rawa, ɗigon ya sauka a kumatu. Ta goge, ta gyara tabarau, ta sake. Wannan karon a gira ya sauka. Ta tsaya tana kallon yatsunta. Matar da ta yi wa dubban 'yan tsana ido, yau guda ɗaya ta gagare ta. Na ji tausayinta har na rasa inda zan sa idona.

"Iya, ba nan ba ne."

Azeezat ce, ta leƙo da rabin fuska.

"To ina ne, uwar iyawa?"

"A sama. Ta gefe. Irin na Sisi."

"Ni na manta yadda na Sisi yake," in ji Iya. Har yau ban sani ba ko da gaske ta manta.

Yarinyar ta dubi kakarta, ta dubi ƙofar gida. Sai ta saki zanina ta ruga. Muna jin ƙarar labulen ɗakin da ta yi kwana tara ba ta shiga ba. Ta fito da Sisi a rungume, ta zaunar da ita kusa da 'yar'uwarta, ta karɓi tsinken. Ta dubi idon Sisi, ta fito da harshe, ta ɗiga ɗaya. Ta sake dubawa, ta ɗiga na biyu. Ɗayan ya ɗan fi ɗayan girma, amma wallahi fuskar ta sauya. Ta daina kallonmu, ta koma kallon wani abu can sama da rumfar shagona.

Azeezat ta juya baya ta sunkuya, Iya ta ɗora mata Sisi ta ɗaure da ɗankwali. Wannan aikin kam hannun bai yi rawa ba. Yarinyar ta ɗauki sabuwar a hankali, tana hura mata ido don fentin ya bushe.

"Iya, ita kaɗai ce kika ɓata?"

"Ina fa! Buhu guda ne."

"Suna can suna ta kallon mutane?"

"Suna can."

Azeezat ta ɗan yi tunani, sannan ta miƙa wa kakarta gwangwanin fari.

"To rufe shi sosai, kada ya bushe."