Usta Ya'u, Mai Tambayar Wa Ke Zama a Gefe

Da an idar da sallar asuba, kafin masu shaguna a unguwar Sharafiyya su fara ɗaga ƙofofinsu, Usta Ya'u ya riga ya buɗe garejinsa. Zai share ƙasa, ya jera sifanoninsa a kan tsumma, ya ɗora shayi, sannan ya zauna bakin ƙofa yana kallon yadda motoci ke hawa tudun rage gudu da ke gabansa, wanda 'yan Jidda ke kira maɗabb. Tun yana da baƙin gemu ya zo daga Maraɗi, yau gemun ya yi fari fat, gwiwoyi kuma sun ce halas, sun gaji. A ƙarshen watan nan zai miƙa makulli ya koma gida, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Aikinsa ƙafafun mota ne, wato shokozoba da sifirin da duk abin da ke tsakanin taya da gangar jiki. Samarin da ke kai motocinsu filin tsere na bayan gari a ranakun hutu, su kuma tafi aiki da su sauran kwanaki, duk sun san shi. Sun kuma san halinsa mai ban haushi: ba ya taɓa mota sai ya tambaya, "Wa kake ɗauka a gefe?" Idan ka faɗa, sai ya ce jeka ka zo da shi.

Ni ban san komai a kan mota ba, kuma ban damu in sani ba. Abin da ya haɗa ni da Usta shi ne Mohannad, ɗan yayana Abdulghaffar, haihuwar Jidda, mai jin Hausa sarai amma in zai mayar sai ya cakuɗa ta da Larabci. Motarsa ɗaya tal, ja, mai ƙofa biyu, kuma ya sa an dasa mata sifirin masu tauri an kwantar da ita ƙasa har sai ka tausaya wa cikinta. Ranar da na shiga, wallahi haƙorana suka riƙa haɗuwa, na ce masa wannan ai amalanke ce aka yi wa fenti.

To, an yi wa Yaya aiki a ƙashin baya, duk mako sai an kai shi asibiti gashin ƙashi. Mohannad ya ce shi zai riƙa kai mahaifinsa. Aka yi tafiya 'yan kaɗan, sai Yaya ya fara zamewa: yau ya riga ya kira tasi, gobe maƙwabci zai bi ta can. Daga baya ma sai ya fara fashin gashin gaba ɗaya, ƙafar dama ta soma ja. Yaya mutum ne mai kara, ba zai taɓa cewa motar ɗansa na azabtar da shi ba. Shi kuwa Mohannad ya ɗauka uban bai yarda da tuƙinsa ba ne. Gida ya yi tsit, abin ya dame ni ƙwarai.

Ana cikin haka Mohannad ya je wurin Usta, wai a ƙara wa motar tauri don tana ɗan karkata a kwana. Usta ya yi tambayarsa.

"Abuya ne, babana, amma ya daina shiga, ya Ammu."

"Jeka ka zo da shi."

Ni na lallaɓo Yaya, don haka a gabana aka yi. Usta ya karɓi makulli, ya zaunar da Yaya a gefe, ya ce wa Mohannad, "Kai kuma baya. Yalla, lanƙwashe ƙafa. Kada ka kalli hanya, kalli babanka."

Suka zaga ta Bagdadiyya a hankali suka dawo. Mohannad ya fito idonsa jawur. Ya ce mini, "Gwaggo, tun kafin mu kai maɗabb yake dafa kujera da hannu biyu ya ɗaga jikinsa, ya riƙe numfashi. Kowane maɗabb, wallah. Ni ina gaba ina tuƙi ban taɓa gani ba." Yaya dai sai cewa yake ba komai, ba komai, gumi na zuba.

Mohannad ya ce a cire komai a mayar da na kamfani, ya haƙura da tseren. Usta ya ce a'a, ɗana, ba a yi haka ba. Ya zaɓa masa shokozoba masu maɓallin murɗawa, a ƙara musu ƙarfi ranar tsere a sassauta su a gari. Ya sa sifirin matsakaita, don tauri irin na sifirin ba ya murɗuwa, abin da ka dasa shi za ka zauna a kai. Ya ɗaga motar kamar yatsu biyu. Karkatar da ke damunsa a kwana kuwa, ya yi maganinta da sandar ƙarfe mai ɗan kauri da ke haɗa ƙafafun dama da na hagu. Robobin mahaɗa ya bar masu laushi. Bai kuma ɓoye masa ba: "A fili akwai waɗanda za su ɗan wuce ka. Ka yarda?" Mohannad ya ce ya yarda.

Usta, kai ne ka ga abin da mu 'yan gida muka kasa gani. Kai ne ka bar wa yaro abin da yake so, ka kuma mayar masa da ubansa gefensa. Mai kunne a tafin hannu, na sha ganin ka dafa mota ka girgiza ta ka faɗi ciwonta, amma ban san kana duba na mutane ba sai ranar.

Yanzu in Mohannad ya gama zagayensa a fili, kafin ya cire hular kwano sai ya durƙusa ya murɗa maɓallan nan su koma laushi, abokansa na yi masa tsiya. Yaya ya koma gashi, ƙafa ta saki. Makon jiya ina tsaye a ƙofar gida na ga jar motar ta wuce ba ta tsaya ba, ta zago, ta sake wucewa. Na kira Mohannad a waya na ce lafiya? Ya amsa da raɗa: "Gwaggo, Abuya ya yi barci. Ba na son in tashe shi."

Na gode, Usta Ya'u. Allah Ya kai ka Maraɗi lafiya, Ya ba gwiwoyin nan hutu, Ya saka maka da mafificin alheri. Ku kuma masu sana'a, makanikai da teloli da magina da mu duka, kafin ku ɗauki kayan aiki ku riƙa tambayar wa ke zama a gefe. Wani yana can ya riƙe numfashi, kuma ba zai faɗa ba.