Mita Mai Layi Biyu

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Talata maigadi ya shigo da takardar kuɗin wuta, ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Na san lokacin daidai, domin ina baranda ina bitar darasi da agogo a gabana. Baba ya duba takardar, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Kuɗin da ke ciki ya ninka abin da muka saba biya ninkin ba ninki.

"Wa ke shan wuta haka a gidan nan?" in ji shi.

Bai jira amsa ba, ya riga ya juya yana kallon boskwata.

Gidanmu a Nasarawa yake, irin tsofaffin gidajen nan masu faɗin fili da itatuwan mangwaro. A ɗakuna biyu na baya akwai wani malamin lissafi, Kirista, mutumin Zariya, yana haya shi da matarsa da 'ya'yansu biyu. Wutarsu daga mitarmu take, yana ba da nasa kason duk wata. Kayan wutarsu kuwa ƙwai uku ne, da fanka, da rediyo, da dutsen guga. Mu muna da esi huɗu, firji biyu, hita a kowane banɗaki, injin jan ruwa, da talabijin da ke surutu ko babu kowa a falo.

A shekarun nan farar hula sun karɓi mulki, an kuma ƙaddamar da shari'a, sai Baba ya samu kalmar da ba ta barin bakinsa: adalci. Da ita yake rage wa kuku albashi, da ita yake hana direba hutu. Da ita ya sa aka kira Malam a ranar.

"Malam, ni mutum ne mai son adalci. Ko ka biya rabin wannan, ko ƙarshen wata ka ba ni ɗakunana."

Malam ya karanta takardar, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Alhaji, ranka ya daɗe, da ƙwai uku?"

"Ni na san abin da kuke jonawa in mun shige ciki?"

Ina nan zaune ina jinsu. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai an kira sunana sau biyu. Amma mutumin nan duk Asabar yana zama da ni a gindin mangwaro yana koya mini lissafi, bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Kwana goma sha tara suka rage masa.

Mitar tana bango bayan kicin. Wani kamfanin Turawa da ya gyara gidan gab da Baba ya saye shi ne ya kafa ta, kuma tun da aka haife ni ban ga ɗan gidanmu ya tsaya ya dube ta ba. Da na share ƙurar gilashin sai na ga layi biyu ne na lambobi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na ware littafi guda, ina rubuta duka biyun sau uku a rana: bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i. Cikin kwana huɗu na gane halinta. Na sama da rana yake tafiya. Na ƙasa ba ya motsi sai an kwana an tashi. Wani littafi a laburaren makaranta ya tabbatar mini cewa a ƙasar Turawan wutar dare ta fi araha, shi ya sa suke ƙirga ta daban.

Daga nan na roƙi Umma ta ba ni jakar da ake tara tsofaffin takardun wuta. Na jera su a gado bisa watanni. Kowace takarda lambar layin ƙasa ce a jikinta, in ban da ta ƙarshe. Ashe an canza mai karanta mita, sabon ya zo ya kwafi layin sama, ofis kuma ya cire tsohuwar lambar ƙasa daga sabuwar lambar sama. Ko ɗan firamare ba zai ɗebe awaki daga tumaki ba, amma ga manya da albashi sun yi, har da hatimi.

Na kai wa Baba littafin. Ya buɗe shafi ɗaya, ya rufe.

"Ke yanzu kin fi masu wutar sanin wuta? Karatun da yake koya miki ke nan? Sai na ga takarda daga ofishinsu, ba zanen yara ba."

Don haka na fara zuwa ofishin wuta, ina ce wa Umma laburare za ni. Zuwana huɗu. Ranar farko wanda ke teburin ƙorafi yana ɓarar gyaɗa a kan fayil ɗin wani bawan Allah, ya ce oga ya tafi salla. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ban san wace salla ba ce, ban kuma tambaya ba. Rana ta biyu wata mata ta karɓi littafina ta juya shi, ta kira abokin aikinta.

"Zo ka ga 'yar Nasarawa ta zo koya mana aiki."

"Hajiya ƙarama, mita nawa ce a gidan naku?"

"Ɗaya ce. Layi biyu gare ta."

"To ki je ki ce a cire ɗaya mana!"

Suka kwashe da dariya har da tafawa. A saman kansu fanka a tsaye take, domin ofishin wutar ma babu wuta. Rana ta uku aka ce in rubuto takardar koke. Na rubuto, da kwafi biyu. Wanda ya karɓa ya ɗora kofin shayinsa a kai tun ban juya baya ba.

A gida kuwa matar Malam ta fara neman kwalaye a wurin masu shago. Ina ganinta ta taga tana ɗaure tukwane da igiya. In mun haɗu ta ce, "Sannu 'yar Alhaji, ya karatu?" kamar babu abin da ke faruwa. Na gwammace ta zage ni.

Saura kwana uku wata ya ƙare na koma. Wannan karon ban tsaya a teburin kowa ba, na bi wani lungu har ɗakin da ake ajiye tsofaffin fayil. Akwai wani dattijo a ciki, mai furfura, gilashinsa ɗaure da zare. Ya ce in zauna. Shi kaɗai ne a ginin nan ya karanta littafina daga farko har ƙarshe, yana bin lambobin da bayan biro.

"Wa ya koya miki wannan, 'yata?"

"Malamin da za a kora, Baba."

Na ba shi labari. Na ce abu biyu nake so: a mayar da lissafin kan layin ƙasa yadda aka saba, a kuma ba ni takardar da zan nuna a gida. Har na ƙara da cewa tunda wutar dare ce, ya kamata ma a yi mana ragi. Na faɗi wannan da ƙarfin gwiwa, ina jin na fi kowa a ginin.

Ya dube ni ta saman gilashi. "Da rana ba kwa kunna komai?"

Kwana goma sha shida ina rubuta layin sama da hannuna, ina kallon yadda yake gudu in an kunna esi, amma ban taɓa tambayar kaina wa ke biyansa ba. Na iya ɗebewa, na manta da tarawa.

Ya jawo takarda mai kan ofis, ya yi rubutu layi biyar, ya buga hatimi, ya hura ya bushe. Na ce, "To yanzu me zan ce wa mahaifina?"

"Ki ce masa mu nan farashi ɗaya gare mu, ba mu san dare ba, ba mu san rana ba. Mita irin taku haɗa layin biyu ake yi. Fam ɗinmu gurbi ɗaya ne da shi, wancan tsohon mai karanta mitar ya zaɓi ƙaramin layi ya huta, shekara da shekaru mahaifinki na dare kawai yake biya. Wannan takardar da ta tayar masa da hankali ma ba ta kai abin da ya sha ba. Malamin nan ba shi da hannu a ciki, na rubuta haka. In ya ga dama ya kore shi, gidansa ne. Amma ko ya kore shi, shi zai biya."