Ranar da Na Shiga Kwatar Badagishiri

Ni ɗiyar mahauta ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Ubana ya yi yanka har gemunsa ya yi fari. Sai ya ba dabba ruwa ta sha ta ƙoshi. Ba ya wasa wuƙa tana gani, ba ya yanka wata gaban 'yar'uwarta. Haka munka tashi munka iske.

Ana nan, ana nan, sai buro, ofishin gwamnati, ya aiko anka gina kwata ta siminti bayan kasuwar Badagishiri. Anka ce duk yanka can za a yi, don likitan dabbobi shi duba nama shi buga mashi shuɗin tambari. Ni ban ƙi duba ba. Amma wanda ya shafe daɓen nan bai taɓa kallon kofaton saniya ba. Santsi gare shi kamar bayan tasa, ga ruwa da jini kwance. Dabba in ta shaƙi ƙarnin wurin sai ta kafe a ƙofa. Su kuwa mahautan zamani, masu agogo a hannu da taba a baki, sunka samo dabararsu: a murɗe wutsiya har ta karye, a watsa barkono a ido, in ta ƙiya a sare mata agara, jijiyar nan ta bayan ƙafa, ta zube a ja ta ciki kamar buhu. Wai su ne maza.

Cikinsu har da ƙanena. Wuƙar ubanmu ya gada, ita kaɗai.

Shekarar da ruwa ya ɗauke ina da jan sa a turke, wanda na raina tun yana maraƙi. Harawa ta ƙare, dusa ta ƙare, har jinkar rumbu ya fara ci. Na ga in na bar shi mushe za shi yi. Sai na kira ƙanena na ba shi igiya, na ce abu guda nika roƙo: kada a naƙasa shi, kada shi mutu cikin firgita.

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, sa ne fa, ba ango ba."

Daga wagga dariya na san ba ni zama gida.

Ranar kasuwa da hantsi na bi bayansu. Na iske san ya kafe bakin kwata, kumfa na zuba, jiki na ɓari. Mutum huɗu na jan igiya, guda ya naɗe wutsiya a hannu. Ƙanena kuwa ya durƙusa ta baya da adda, yana auna ƙafa.

Na ce, "Kai! Aje ta."

Ya ɗago. "Yaya, mi ya kawo ki nan? Mata ba su shiga kwata."

"Na leƙo ban ga maza ba, shi ya sa na shigo."

Mai riƙe da wutsiya ya ce, "To Inna, yi mashi waƙa mana, ko ya taka rawa." Sunka bushe da dariya.

Na kware mayafina na rufe ma san ido, na ɗora hannu bisa tozonsa ina sosawa, ina kiransa yadda nika kiransa in na kawo dusa. A hankali ɓarin ya ragu. Na ce a zuba rairayi bisa simintin. Duk sunka tsaya suna kallon juna, kowa ya fi ƙarfin ɗaukar shebur. Likitan dabbobin ne, baƙo wanda Hausa ma ba ta zauna bakinsa ba, ya tuɓe farar rigarsa ya ɗebo ya watsa. 'Ya'yan mahauta na tsaye suna kallo.

Na ja igiya, sa ya biyo ni da ƙafarsa. Wani tsoho da ya yi aiki da ubanmu ya zo ya zarga igiya ya kwantar da shi ba garaje, anka juya shi gabas. Ban janye hannuna ba sai da na ji ƙanena ya yi bisimilla. Wuƙar dai da kaifi, wannan ba ni hana ma ƙanena.

Mayafin ya jiƙe da jini, can na baro shi. Na ratsa kasuwa da ɗankwali kaɗai, masu albasa da masu tabarmi na bi na da ido.

Kasuwar da ta zagayo, maƙwabciyata ta ce sun share rairayin, wai yana toshe magudana, kuma da idonta ta ga an ja wata farar saniya da ƙafa a sare. Ƙanena ya yi damina biyu bai taka gidana ba, wai na kunyata shi gaban abokan sana'a. Ban aika a ba shi haƙuri ba.