Magini Sale da lasifikar da ta kalli titi

Jama'a, yau bangon gidana ya kunyata ni a tsakiyar Agiye!

Kun san ɗakunan nan biyu nawa na bakin kasuwa. Tunda aka buɗe siyasa, jam'iyyu biyu masu hamayya suka kama su, kowace ta yi buro, wato ofishinta. Na ba su kalmata cewa magana ba ta ratsa bangon tsakani. Magini Sale ne ya gina shi, kuma a gabana ya gwada da lasifika. Na shiga ɗaya ɗakin, ban ji komai ba.

Yau da hantsi 'yan ɗakin gabas suna taro, suka jingina lasifikarsu da bangon. Duk sunan wanda suka ambata cewa sun janyo jam'iyyarsu daga garin Sae Sabuwa, 'yan ɗakin yamma sun rubuta shi! Shugaban 'yan gabas ya zo shagona yana huci: "Alhaji, sayar da mu ka yi? Gobe za mu tashi!"

Sai na tuna. Ranar gwaji a bakin ƙofa Sale ya ajiye lasifikar, bakinta na kallon titi!

Na aika aka kira shi. Ya ce, "Alhaji, bangona lafiya lau yake."

Na ce to shiga ɗakin yamma, rufe ƙofa. Ni kuma a ɗakin gabas na manna lasifika da bango, a gaban shugaban, na ce a hankali, "Sale macuci ne."

Nan take muka ji daga can: "Haba Alhaji, macuci kuma?"

Yanzu haka yana kwaɓa siminti. Layi biyu na bulo zai ƙara wa kaurin bangon, ni kuma zan ajiye lasifikar gwaji da hannuna.